Azurfa da Baƙin Ƙarfe a Duniyar 'Yan Mitsi-Mitsin Ƙwayoyi

Tun zamanin kaka da kakanni sana'ar ƙira a ƙasar Hausa ta kasu gida biyu. Akwai maƙeran baƙi, masu ƙera fartanya da garma da wuƙa, akwai kuma maƙeran fari, masu ƙera zobe da munduwa da awarwaro daga azurfa da tagulla. Wani abin sha'awa shi ne su kansu ƙarafan nan biyu, wato azurfa da baƙin ƙarfe, ba sa ga maciji da juna. Idan aka narkar da azurfa aka zuba mata jan ƙarfe, sai su gauraye su zama ruwa ɗaya, kuma da irin wannan gami ake yin yawancin kayan ado na azurfa, inda azurfa take kashi 92.5 cikin 100, jan ƙarfe kuma kashi 7.5. Amma in aka narkar da azurfa da baƙin ƙarfe cikin tukunya ɗaya, komai zafin wuta da yawan motsawa, da zarar an bar su sai su rabu kamar mai da ruwa. Azurfa ta fi nauyi, sai ta kwanta a ƙasa, baƙin ƙarfe ya taso sama. Shi ya sa ake iya zuba narkakkiyar azurfa cikin mazubin ƙarfe, ta sandare a fito da ita ba tare da ta ci mazubin ba.

Duk da haka, tun cikin shekarun 1980 masana kimiyya suke tilasta wa waɗannan ƙarafa zama wuri ɗaya, da fari a matsayin shimfiɗa mai tsananin sirantaka, daga baya kuma a matsayin ƙwayoyin da ido ba ya gani. Abin da ya fito daga wannan aiki ya koyar da darasi mai muhimmanci ga duk mai nazarin ƙarafa: ƙarfin maganaɗisun irin wannan ƙwaya ya dogara ne da wurin da kowace zarrar ƙarfe take zaune a cikinta, fiye da yadda ya dogara da yawan ƙarfen da aka zuba.

Asalin gabar

Kowane ƙarfe, idan ya sandare, zarrarsa tana jeruwa ne bisa tsari guda mai maimaita kansa, kamar yadda magini yake jera tubali. Hanya mafi sauƙi ta fahimtar tsarin ita ce mutum ya hasko ɗan akwati mai fuska shida daidai wa daida. A baƙin ƙarfe, zarra ɗaya tana kowace kusurwa ta akwatin, su takwas ke nan, sannan ɗaya tana can tsakiyar cikinsa. Kowace zarra tana da maƙwabta takwas. A azurfa kuwa, ban da na kusurwoyin, akwai zarra ɗaya a tsakiyar kowace fuska daga cikin fuskokin shida, cikin akwatin kuma babu kowa. A nan maƙwabtan kowace zarra sun kai 12, wanda shi ne iyakar cunkoson da ƙwallaye masu girma ɗaya za su iya yi. Tsawon gefen akwatin baƙin ƙarfe nanomita 0.2866 ne, na azurfa kuma 0.4086. Ɗalibi ya riƙe waɗannan lambobi biyu, domin za a sake bukatar su.

Cikin shekarun 1930 wani masanin ƙarafa na Jami'ar Oksfod ta Ingila, William Hume-Rothery, ya tsara sharuɗɗan da ke sa ƙarfe biyu su karɓi juna. Daga ciki akwai cewa tsarin jerin zarrarsu ya zama iri ɗaya, kuma bambancin girman zarrar kada ya wuce kashi 15 cikin 100. Azurfa da zinariya sun cika sharuɗɗan, shi ya sa suke gaurayuwa a kowane kaso aka ga dama. Azurfa da baƙin ƙarfe kuwa tsarinsu ya saɓa, bambancin girman zarrarsu kuma yana kan iyaka, domin rabin faɗin zarrar azurfa nanomita 0.144 ne, na baƙin ƙarfe kimanin 0.124.

Sai dai girma kaɗai bai isa ya bayyana wannan ƙiyayya ba. Zarrar zinariya kusan girmanta ɗaya da ta azurfa, tsarinsu ma ɗaya, amma zinariya mai zafi tana karɓar baƙin ƙarfe da yawa. Tushen maganar yana ga yadda elektiron ɗin zarra biyu suke cuɗanya. Zarrar baƙin ƙarfe ta fi samun natsuwa idan 'yan'uwanta ne suka kewaye ta, haka ma ta azurfa. Masana suna auna wannan da abin da ake kira zafin gauraya. Idan gauraya tana sakin zafi, ƙarafan suna son juna. Idan kuwa sai an ba ta zafi, suna ƙin juna. Lissafin A. R. Miedema na ƙasar Holan ya kimanta cewa gauraya azurfa da baƙin ƙarfe rabi da rabi tana bukatar kimanin kilojul 28 a kowane mol. Adadi ne babba, har narkewa ma ba ta iya shafe shi, alhali narkewa takan sasanta ƙarafa da yawa waɗanda ba sa jituwa a sandare.

Abin da ƙanƙanta take yi

Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Kaurin silin gashin mutum yakan kama daga nanomita 50,000 zuwa 100,000. Ƙwayoyin da ake magana a kansu, waɗanda ake kira ƙwayoyin nano, faɗinsu yana tsakanin nanomita 1 da 100.

Ba don ƙanƙantar kanta ake ba su muhimmanci ba. Dalilin shi ne, gwargwadon yadda abu ya ƙanƙance, gwargwadon yadda kason zarrar da ke bayansa yake ƙaruwa. A ƙusa ko zobe, zarrar da ke waje ba ta kai a ƙirga ta ba idan aka kwatanta da ta ciki. Amma a ɗauki zarra ɗaya a kewaye ta da 12, an sami dunƙule mai 13, kuma 12 daga ciki suna waje. A ƙara wani zagaye, jimilla ta zama 55, na waje 42. Zagaye na uku ya kai 147, na waje 92. Na huɗu 309, na waje 162, wato har yanzu fiye da rabi, alhali faɗin dunƙulen ya kai kimanin nanomita 2.

Zarrar da ke waje ta rasa wasu maƙwabtanta, kuma wannan rashi yana da farashi, wanda ake kira makamashin fuska. Na baƙin ƙarfe ya kusan ninka na azurfa sau biyu. Ma'ana, ya fi araha ga ƙwaya ta sanya azurfa a waje ta ɓoye baƙin ƙarfe a ciki. Don haka idan aka bar zarrar ƙarafan biyu su zaɓi mazauninsu, siffar da ake sa ran gani ita ce cibiya ta baƙin ƙarfe da ɓawo na azurfa, kamar gyaɗa cikin kwasfarta. Wani lokaci kuma cibiyar takan karkata gefe guda har ƙwayar ta zama mai fuska biyu, rabi azurfa rabi baƙin ƙarfe. Masana sun laƙaba wa wannan siffa sunan Janus, wani gunkin Rumawa da ake zanawa da fuska biyu. A duk siffofin nan ƙarafan maƙwabta ne kawai, ba su zama gami na haƙiƙa ba, wanda a cikinsa zarrar wannan take shiga jerin zarrar wancan a warwatse.

Yadda ake tilasta musu

Mai karatu ya zuba man gyaɗa da ruwa cikin kwalba ya girgiza da ƙarfi. Na ɗan lokaci za su yi kamar sun haɗu, sannan su rabu. Da za a iya daskarar da su nan take bayan girgizawar, da sun zauna a gauraye, ba don suna so ba, sai don an hana su motsi. Wannan ita ce dabarar da ake amfani da ita, wato a gauraya zarrar ƙarafan cikin yanayin tururi, sannan a sanyaya su cikin gaggawar da ba za ta ba su damar neman 'yan'uwansu ba.

Hanyar da ta fi daɗewa ita ce ta feshi. Ana sanya guntayen azurfa da baƙin ƙarfe cikin rufaffen mazubi da aka zuƙe iskarsa, a riƙa harbinsu da zarrar iskar agon mai ɗauke da caji. Harbin yana ɓantaro zarra ɗai-ɗai, su tashi su sauka a kan faranti mai sanyi, kowace ta maƙale a inda ta faɗa. Wata hanya ta baya-bayan nan ita ce a nutsar da ƙarfen cikin ruwa ko barasar ɗakin gwaji, a riƙa dukan sa da hasken leza. Kowane duka yana tayar da ɗan gajimaren tururin ƙarfe mai tsananin zafi, ruwan da ke kewaye kuma ya sanyaya shi da saurin da ya haura miliyoyin digiri a sakan ɗaya. Masu bincike a Jami'ar Padua ta Italiya sun yi amfani da wannan hanya cikin shekarun 2010 wajen samar da ƙwayoyin azurfa masu ɗauke da baƙin ƙarfe.

Akwai kuma hanyar sinadarai, wadda ta fi araha amma ta fi yaudara. Ana narkar da gishirin azurfa da gishirin baƙin ƙarfe a ruwa, a zuba wani sinadari mai ba da elektiron, yawanci sodiyam borohaidirayid, domin ya mayar da su ƙarfe. Matsalar ita ce azurfa ta fi baƙin ƙarfe zaƙuwar karɓar elektiron nesa ba kusa ba. A ma'aunin da ɗaliban kimiyyar sinadarai suka sani, azurfa tana kan bolt +0.80, baƙin ƙarfe kuma −0.44. Saboda haka azurfa ce take riga fitowa ta dunƙule, baƙin ƙarfe ya biyo baya ya kwanta a kanta, wato akasin siffar da aka bayyana ɗazu. Da yake yana waje, sai iskar oksijin ta far masa.

Wannan batu na tsatsa ba ƙaramin abu ba ne. Garin baƙin ƙarfe mai wannan laushi yana iya kamawa da wuta da kansa idan ya haɗu da iska farat ɗaya. Ko da an bi a hankali, yakan yi ɓawon tsatsa mai kaurin nanomita 2 zuwa 3. A ƙwaya mai faɗin nanomita 5 ko 6, wannan ɓawo ya cinye kusan komai. Shi ya sa da yawa daga abin da ake kira ƙwayoyin azurfa da baƙin ƙarfe, idan aka bincika, azurfa ce da tsatsar ƙarfe. Tsatsar nan, musamman nau'in da ake kira magnatayit, ita ma maganaɗisu yana jan ta, amma ƙarfinta bai kai rabin na tsantsar baƙin ƙarfe ba idan nauyinsu ɗaya.

Kowace hanya aka bi, gamin da aka samu na wucin gadi ne. Da zarar an gasa shi zuwa 'yan ɗaruruwan digiri, zarrar ta sami ƙarfin motsi, sai baƙin ƙarfe ya fara tattaruwa yana yin 'yan tsibirai cikin azurfa, tsibiran kuma su yi ta girma. Masana suna cin moriyar wannan, domin da zafin gashi da tsawon lokacinsa suke sarrafa girman tsibiran.

Maganaɗisu mai mantuwa

Azurfa ba ta da ruwa da maganaɗisu, hasali ma takan ɗan ture shi, turin da sai na'ura take iya ganewa. A baƙin ƙarfe kuwa kowace zarra ɗan ƙaramin maganaɗisu ce, mai ƙarfin 2.2 a ma'aunin da aka sanya wa sunan Niels Bohr. Abin da ya bambanta baƙin ƙarfe da yawancin ƙarafa shi ne maƙwabtan zarra suna tilasta wa juna fuskantar alƙibla ɗaya. Wannan haɗin kai yana nan har sai zafi ya kai digiri 770 a ma'aunin Selshiyos, inda jijjigar zarrar take wargaza shi.

To me ya hana kowace ƙusa zama maganaɗisu? Saboda babban ƙarfe yana rarrabuwa zuwa unguwanni. Cikin kowace unguwa zarrar ta fuskanci wuri ɗaya, amma unguwannin sun saɓa wa juna, sai ƙarfinsu ya kashe juna. Katangar da ke raba unguwa da unguwa tana da nata kaurin da nata farashin, don haka idan ƙwaya ta ƙanƙance sosai babu wurin gina ta. Frenkel da Dorfman sun yi hasashen haka a 1930. Ƙwayar baƙin ƙarfe da ba ta wuce kimanin nanomita 20 ba takan zama unguwa ɗaya tak, dubban zarrarta suna aiki tamkar ƙaton maganaɗisu guda.

A nan ne masanin Faransa Louis Néel ya shigo, a 1949. Ya nuna cewa alƙiblar wannan maganaɗisu tana da wuraren da ta fi son kwanciya cikin jerin zarrar, kuma juyawa daga wani zuwa wani kamar tsallake tudu ne. Tsayin tudun ya danganta da girman ƙwayar. Zafi kuma ba ya daina girgiza ta. Idan ƙwayar ƙarama ce tudun gajere ne, girgizar zafi kaɗai ta isa ta riƙa juya alƙiblar gaba da baya. Néel ya sami kyautar Nobel a 1970 saboda ayyukansa a fannin maganaɗisu.

Lissafin yana da ban mamaki. Idan aka ɗauki ƙwayar baƙin ƙarfe zagayayya a zafin ɗaki, aka bi hanya mafi sauƙi ta lissafin Néel, ƙwaya mai faɗin nanomita 12 tana juya alƙiblarta sau dubbai cikin sakan ɗaya. Mai nanomita 16 tana riƙe alƙiblar na kimanin minti ɗaya. Mai nanomita 20 kuwa za ta riƙe ta wajen shekara 40,000. Ainihin adadin yakan sauya bisa siffar ƙwaya da abin da ke kewaye da ita, amma darasin bai sauya ba: ƙarin nanomita huɗu kacal ya raba minti ɗaya da dubban shekaru.

Tarin ƙananan ƙwayoyin nan suna amsa kiran maganaɗisu da ƙarfi idan aka kusanto da shi, amma da an janye shi sai su manta, kowace ta koma juyinta. Bean da Livingston sun yi cikakken bayanin wannan hali a 1959, kuma ana iya kiran sa maganaɗisu mai mantuwa. Idan aka sanyaya ƙwayoyin, akwai matakin da girgizar take gaza tsallake tudun, sai alƙiblar ta tsaya cik. Wannan mataki shi ne zafin tsayawa, kuma auna shi hanya ce ta kimanta girman ƙwayoyin ba tare da an gan su ba.

Yanzu sai a mayar da baƙin ƙarfen cikin azurfa. Idan zarrarsa ta warwatsu ɗai-ɗai, kowace tana da ɗan maganaɗisunta amma ba ta da maƙwabcin haɗa kai, don haka maganaɗisun hannu ba zai ja abin ba a zafin ɗaki. Idan aka gasa har aka sami tsibirai masu nanomita 2 ko 3, sai halin mantuwa ya bayyana. Idan tsibiran suka girma, ko suka yawaita har suka fara taɓa juna, abin ya koma riƙe alƙibla kamar ƙarfen da aka saba. Adadin baƙin ƙarfen bai ƙaru ba ko da zarra ɗaya tsakanin mataki na farko da na biyu, mazauninsa kawai ya sauya. Tsibiran ma suna jin juna daga nesa, ta ƙarfin maganaɗisunsu da kuma ta elektiron ɗin azurfar da ke tsakaninsu, abin da kan sa su daskare a hargitse idan an sanyaya su sosai. Akwai ƙarin abu guda. A 1994 Billas da Châtelain da de Heer, a birnin Lausanne na Suwizalan, sun auna 'yan dunƙulen baƙin ƙarfe masu tafiya su kaɗai cikin mazubi marar iska, suka iske ƙarfin kowace zarra ya kai kusan 3 a mafi ƙanƙantarsu, yana raguwa zuwa 2.2 idan zarrar ta kai ɗaruruwa. Zarrar da ke fuska, da yake maƙwabtanta kaɗan ne, ta fi ta ciki ƙarfin maganaɗisu.

Tarkon eksire

Tunda komai ya rataya ga mazaunin zarra, tilas mai bincike ya tabbatar da shi. Hanyar da aka fi sabawa da ita ita ce ta William Henry Bragg da ɗansa William Lawrence Bragg, wadda ta ba su kyautar Nobel a 1915. Ana haska abu da eksire, sahun zarrar da ke cikinsa ya mayar da hasken a wasu kusurwoyi na musamman, kuma daga kusurwar ake gane tazarar da ke tsakanin sahu da sahu. Kowane ƙarfe yana da kusurwoyinsa, kamar zanen yatsa.

Amma a wannan gami hanyar tana da tarko. A raba 0.4086 na azurfa gida biyu, an sami 0.2043, tazarar wasu sahun azurfa. A raba 0.2866 na baƙin ƙarfe da tushen murabba'in 2, wato 1.414, an sami 0.2027, tazarar sahun da suka fi mayar da haske a baƙin ƙarfe. Bambancin bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Da eksire na jan ƙarfe, wanda yawancin na'urori suke amfani da shi, alamar azurfa tana fitowa a digiri 44.3, ta baƙin ƙarfe a 44.7. Alamar baƙin ƙarfe ta biyu, a kusan digiri 65, ita ma ta faɗa dab da wata ta azurfa, haka ta uku a kusan 82. Ga shi kuma, kamar yadda Paul Scherrer ya nuna a 1918, ƙananan ƙwayoyi suna ba da alama mai faɗi, don haka alamomin biyu sukan narke su zama ɗaya. Mai binciken da ya duba bai ga alamar baƙin ƙarfe a ware ba yana iya yanke hukuncin cewa ya narke cikin azurfa, alhali yana nan a dunƙule, ya ɓuya bayan alamar maƙwabciyarsa. Duk rahoton da ya ce an sami gami na haƙiƙa kuma bai kawo hujjar da ta wuce eksire ba, ya cancanci a karanta shi da taka-tsantsan.

Abin dariya shi ne, wannan daidaituwar da take rikita awo ita ce take sa maƙiyan biyu su zauna gefe da gefe lami lafiya. Idan aka juya akwatin baƙin ƙarfe da digiri 45 aka ɗora shi kan fuskar azurfa, zarrarsu tana haɗuwa kusan daidai, saɓanin bai wuce kashi 0.8 cikin 100 ba.

Mafita ita ce a nemi shaidu da yawa. Madubin ƙara girma mai aiki da elektiron yana iya zana taswirar inda kowane ƙarfe yake cikin ƙwaya ɗaya. Sai kuma hanyar Rudolf Mössbauer na Jamus, wadda ya gano a 1958 ta ba shi kyautar Nobel a 1961. Ita wannan tana sauraron wani nau'in zarrar baƙin ƙarfe mai nauyin 57, wanda yake kimanin kashi 2 cikin 100 na ƙarfen duniya, ba ruwanta da azurfa. Tsantsar baƙin ƙarfe yana ba da layi shida masu tazarar da aka sani, tsatsa tana ba da layuka masu tazara dabam, zarrar da ke kaɗaice cikin azurfa kuma layi ɗaya ko biyu. Sai dai ita ma tana da sharaɗi. Kallonta na kimanin kashi ɗaya cikin miliyan ɗari na sakan ne, alhali na'urar auna maganaɗisu takan ɗauki wajen sakan 100. Ƙwayar nan mai nanomita 12 za ta bayyana a tsaye ga na'urar Mössbauer, amma mai mantuwa ga ɗaya na'urar, kuma dukansu gaskiya suka faɗa. Tsibiri mai tsananin ƙanƙanta kuwa juyinsa ya fi ƙarfin ita kanta na'urar Mössbauer, sai ya yi kama da zarrar da ke kaɗaice, har sai an sanyaya shi layukansa shida sun dawo.

Amfanin wahalar

A 1988 Albert Fert a Faransa da Peter Grünberg a Jamus, kowa da nasa binciken, suka gano cewa idan aka jera siraran shimfiɗun baƙin ƙarfe da kuromiyam, turjiyar da suke yi wa lantarki tana raguwa sosai idan aka sanya su cikin filin maganaɗisu. A gwajin Fert, cikin tsananin sanyi, ta ragu da kusan rabi. Dalilin shi ne kowane elektiron ɗan maganaɗisu ne, kuma yana wucewa cikin sauƙi idan shimfiɗun sun fuskanci wuri ɗaya, yana ta cin karo idan sun saɓa. Kamfanin IBM ya sanya wannan dabara cikin na'urar karanta faifan kwamfuta a 1997, mutanen biyu kuma suka raba kyautar Nobel a 2007.

A 1992 wasu ƙungiyoyi biyu a Amurka, ta Berkowitz a San Diego da ta Chien a Jami'ar Johns Hopkins, suka nuna cewa ba lalle sai an jera shimfiɗu ba. 'Yan tsibiran kobal a warwatse cikin jan ƙarfe suna yin aikin. Ba da jimawa ba aka ga haka a kobal cikin azurfa da baƙin ƙarfe cikin azurfa. A nan ƙiyayyar ƙarafan ta zama alheri, domin ita take sa iyakar tsibiri da azurfa ta zama tsaf, kuma a kan iyakar ne elektiron yake cin karo. Tasirin ya fi ƙarfi idan tsibiran ƙanana ne kuma suna da yawa amma ba su taɓa juna ba. Duk da haka na'urorin kasuwa sun ci gaba da amfani da shimfiɗu, saboda tsibirai masu mantuwa sai da maganaɗisu mai ƙarfin gaske suke daidaita sahu.

Ita azurfa abin da take kawowa shi ne haske da magani. Elektiron ɗin ƙwayar azurfa suna lilo tare idan haske mai tsawon zango kimanin nanomita 400 ya same su, shi ya sa ruwan da ke ɗauke da su yake zama rawaya. Wani kofin gilashi na Rumawa daga ƙarni na 4, Kofin Lycurgus da ke Gidan Tarihin Birtaniya a Landan, yana zama kore idan haske ya faɗa masa ta waje, ja idan ya ratso ta cikinsa, saboda 'yan ƙwayoyin azurfa da zinariya da ke cikin gilashin. Shigar baƙin ƙarfe cikin ƙwayar azurfa tana dusashe wannan lilo, don haka ƙarin maganaɗisu yana zuwa ne da raguwar amsa haske, kuma dole mai ƙira ya zaɓi inda zai tsaya. Azurfa kuma tana kashe ƙwayoyin cuta, amma guba ce ga kifi da sauran halittun ruwa, ga tsada. Ƙwayar da za a zuba a gurɓataccen ruwa ta yi aikinta, sannan a kwashe ta da maganaɗisu a sake amfani da ita, za ta magance matsalolin biyu. Halin mantuwa yana da amfani a nan, domin ƙwayoyin da ke riƙe alƙibla sukan manne wa juna su yi gudaji. Yawancin wannan aiki yana matakin ɗakin gwaje-gwaje ne.

Malami zai iya kawo tarkon eksire cikin aji da allo da teburin lissafi kawai. Dokar Bragg ta ce sayin ɗin kusurwa daidai yake da tsawon zangon hasken idan an raba shi da ninki biyu na tazarar sahu. Tsawon zangon eksire na jan ƙarfe nanomita 0.154 ne. Ɗalibai su lissafa kusurwar da tazarar 0.2043, su sake da 0.2027, sannan su ninka kowace amsa sau biyu, domin ninkin kusurwar na'ura take rubutawa. Bayan haka su zana tudu biyu a takardar giraf, ɗaya a kan kowace amsa, kowane mai faɗin digiri 2 kamar yadda ƙwaya mai nanomita 4 ko 5 take bayarwa, su haɗa tsayinsu su ga ko ido zai iya raba su.